Kunyar Yaya Hadiza

Wata la'asar a unguwar Sersouf na iske yayata Hadiza bayan turken awaki tana binne tuwonta cikin rairayi. Awarwaronta ya zame ya faɗa ramin, don hannun babu sauran naman da zai riƙe shi. Na ɗauke shi na ruga wurin Inna da ke daka.

"Inna, Yaya ba ta cin abinci."

Ko taɓarya ba ta ajiye ba. "Kunya ce. 'Yar kirki ba ta ci a gaban mutane."

Sai da Yaya ta suma aka kai ta likita, ta daɗe kafin ta warke. Har yau in na ji an yabi yarinya da kunya, wuyan hannunta nake fara dubawa.