Babi na Tara

Marubuciyar ta ajiye kwafin gwaji na littafinta a kan teburin editan. A ofishin nan ya ce yana son aurenta makon jiya, yau kuma ta yi alkawarin ba shi amsa.

"Malam, ina babi na tara?"

Bai ɗago kai ba. Jan biro yana ta juyawa a tsakanin yatsunsa.

"Yana jan labarin baya. Na cire."

"Shekara biyu kana gyara mini rubutu. Ko waƙafi ka taɓa, sai ka ja layi in gani, in yarda ko in ƙi. Amma babi guda, wanda na rubuta a kan marigayi mijina, ka share shi babu ko alama?"

Ya yi murmushin nan da ya saba sanyaya mata rai. Yau tsigar jikinta ce ta tashi.

"Malama, na fi ki sanin abin da ya kamata ya zauna."

Wayarta ta yi haske a gefen takardun. Hoton 'yarta ne, mai goshin mahaifinta sak. Idonsa ya sauka a kan hoton, ya tsaya. Ta san wannan kallon sarai. Shi yake yi wa jimla kafin ya soke ta.

"Amsata fa?" ya tambaya a hankali.

Ta ɗauke wayar ta rungume a ƙirji.

"Ka mayar mini da babina," ta ce, ta miƙe.

Har ta kai ƙofa, biron bai daina juyawa ba.