Gangar Arnulfo Ta Ƙi Kumfa

Ganga ta uku ma ta mutu. Arnulfo ya murɗa famfo, giya ta zubo salam kamar shayin jiya, ko ɗigon kumfa babu. Ya duba tukunyar gas ɗin da ke sa giyar kumfa, wayam. Sai ya ɗago ya dubi matarsa.

"Inday, kin sake jan tiyon nan garin goge-gogenki, ko?"

Inday yake kiran Perlita. Ita kuwa rabonta da zuwa kusa da gangar tun ranar da ya hana ta.

Da can a kwalabe Arnulfo yake ɗura giyar da yake dafawa a gida. Kwalba sittin, kowacce sai an wanke, an tafasa, an sa ɗan sukari, an cika, an danna murfi. Aikin yini guda ne cur, Asabar ɗaya a sati biyu. Ranar dole ya zauna gida, shi da abokinsa Kulas, suna aiki suna shewa. Tunda akwai mai duba tsohon da ke kwance a gidan, Perlita takan hau motar ƙarfe bakwai ta tafi garin Carcar wajen mahaifiyarta, ta dawo da yamma. Iyakar fitarta ke nan a duniya.

Sai wani ɗan uwansa ya kawo masa gangar ƙarfe da tukunyar gas. A juye giya, a ɗaura tiyo, minti ashirin an gama. Gogan naka ya ajiye su a lungun kicin, ya kwashe kwalabe ya jibge a bayan gida, Asabar ɗinsa kuma ta koma filin faɗan zakaru. Wata uku ke nan Perlita ba ta wuce ƙofar gida ba.

Tsohon kuwa surukinta ne, Tatay Ambo, wanda ya yi shekara talatin yana makanikanci a jirgin ruwa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ba ya tashi daga gado, amma bakin nan lafiyarsa ƙalau. Faten shinkafa ya yi zafi, ya yi sanyi, gishiri ya yi yawa. Giya likita ya hana shi, Kulas kuma ko muryarsa ba ya son ji, ya ce dariyarsa kamar injin da ya sha ruwa.

Tun zuwan gangar ya ƙaro sabon salo. Da hantsi sai ya ce zanen gadonsa na wari, a wanke shi da hannu a famfon bayan gida, a tsaya a ɗauraye sau uku. Rana uku daban-daban tana dawowa daga wankin ta tarar da shi a ƙasa gefen gado, yana haki, gwiwar hannunsa ta dama ta saɓule a siminti.

"Faɗowa na yi. Kina can kina wasa da ruwa."

Haka za ta cicciɓe shi ta mayar, ta shafa aidin, ta haɗiye abin da ke bakinta. Arnulfo in ya dawo ya ga ciwon, ita ce dai mai laifi: ko nan da can kada ta sake barinsa. Har ƙaramar sifanarsa da ta ɓata, ita ya ce ta share ta zuba a shara.

Wayar mahaifiyarta kuma ba ta fasa shigowa ba. Yanar ido ta ci na dama, na hagun ma ya kama hanya. "Ki zo in gan ki tun ina gani," in ji tsohuwar. Perlita takan amsa waya a ɗakin tsoho tana ninke kaya, ta ce to, Nanay, sati mai zuwa. In ta kashe sai ta juya fuska bango. Ta gaji, wallahi ta gaji, har takan ji haushin numfashin mutumin da ke kan gadon.

Arnulfo ya sayo sabuwar sifana. Ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana neman inda gas ke tsiyaya, ya ɗaure noti tamau. Kwana biyu, noti ya sake kwancewa, ɗan kaɗan, daidai yadda ba za a ji ƙara ba. Perlita a ranta Kulas take zargi, mutumin da ya rasa giyar banza ta ranar Asabar. Amma yaushe rabon Kulas da gidan?

Bayan ganga ta uku Arnulfo ya saduda. Ya tura ta ƙarƙashin bene, ya kwaso kwalabensa, ya kira Kulas.

Ranar Asabar tun da safe kicin ya cika da ƙarar kwalabe da dariyar nan. Perlita ta sa rigar fita. Ta leƙa ɗakin tsoho don ta canza masa rigar filo kafin ta tafi.

"An dawo mana da wannan jakin," ya ce, fuskarsa a murtuke. "Bar filon nan. Motar ƙarfe bakwai ba ta jiran kowa."

"Minti ɗaya ne, Tatay."

Ya danne filon da hannunsa mai lafiya. Ita kuwa yau ba ta da lokacin rigimarsa, ta zare shi a hankali.

"Ki gaishe ta," ya ce, ya kau da kai.

Perlita ta dubi ƙaramar sifanar Arnulfo kwance a inda filon ya tashi, sannan ta dubi gwiwar hannun da ta yi wata uku tana shafa wa aidin, ashe da ita yake jan jiki zuwa kicin.