Wanda Ya Tare Wa Yazid Rana

"Wallahi ko wane ne, sai na kai shi gaban alƙali!" in ji Yazid, yana huci.

Digirinsa na uku a fiziks ya dogara ne kan na'urar auna ƙarfin rana da ya kafa a bayan gidansu a Mashi. Amma kullum rana na takewa, sai awon ya faɗi kamar magariba. Farfesansa ya ce ƙarya yake shiryawa, korarsa zai yi.

Rannan ya laɓe bayan rumbu da gora a hannu. Sai ga mahaifiyarsa, ta kifa wa na'urar faifai.

"Inna!"

"Kai ba ka da tattali," ta ce. "Abu mai tsada ka yasar a rana? Tun da ka kawo shi nake rufe maka."