Kwalbar Maganin Idon Baba

Ta ɗiga maganin idon mahaifinta a harshe. Babu ɗacin da ta sani, ruwa ne zalla.

"Baba, ina maganin hawan jinin idonka?"

"Maƙwabta su zo da ciwon ido, in hana su? Maganin 'yata ne fa!"

Ranta ya ɓaci. Shekara bakwai tana ɗakin bincike, tana nazarin sinadarin da ke tara ruwa a ido da yadda ɗigon nan ke taka masa birki. Shi kuwa ya rabar, ya cika kwalbar a famfo don kar ta gane!

"Ganinka kake kyauta da shi, Baba!"

"Haba 'yar nan, ga ni ina kallonki sarai."

Labulen ƙofa yake yi wa murmushi.