Bayan Katin Lauya

Da lauya ya karyo kwanar tasha a kan babur, sai ya taka birki. Ƙofar ofishinsa cike take da mutane, wasu har sun shimfiɗa buzu.

Wata huɗu ke nan da buɗe ofishin a Gummi, ko kaza ba ta leƙo ba. Ya sayi kwamfuta, ya buga kati dubu da Turanci, da lambar salula, ya raba har Anka da Bukkuyum. Shiru kake ji. Jiya ma ya fara ɗaure littattafansa zai koma Gusau.

Ya tambayi dattijon da ke kan gaba, "Baba, wa ya turo ku?"

Dattijo ya zaro kati daga cikin hula. Lauya ya washe baki. "Ashe kwamfuta ta yi rana!"

"Wanga gefe ba mu gane komi ba, lauya. Juya."

Ya juya. Ajami ne da tawadar allo, rubutun mahaifinsa, malamin zaure, wanda tun da ya zaɓi karatun lauya bai taɓa ce masa madalla ba. Sai ya tuna ƙunshin katin da ya manta a zauren. Ya karanta rubutun:

"Mai rigimar gona ko gado ya je bayan tasha. Ɗana ne. Ni na karantar da shi, ba ya cin amana."

Lauya ya yi dariya har da hawaye, sannan ya laluba makulli.