Hannun Kubura Mai Ƙuli-ƙuli

Shekara goma sha takwas Kubura ta yi tana suyar ƙuli-ƙuli a gidanta da ke Kusada. Ranar kasuwa, kafin ta gama kwashewa, masu sari daga Dudunni sun cika zaure. Da sana'ar take rufa wa gidan asiri, ga miji yana kudu wurin ci-rani, ga surukarta Gwaggo Halima da ciwon ƙafa ya kwantar tun bara.

Bayan kaka, mai unguwa ya sa aka yi shela cewa 'yan kwana-kwana za su zo daga Kankia su koya wa mata yadda ake kauce wa gobara. Ba zuwansu na farko ba ke nan. Shugabansu, Malam Mamuda, mutum ne da ba ya gajiya da yawo. Makarantu, tasha, kasuwa, har rugagen Fulani yakan je a kan babur idan mota ba ta shiga.

Ranar taron, Salma maƙwabciyarta ta leƙo ta ce su tafi tare. Kubura ta yi dariya.

"Mi za su koya mani a kan wuta, ni da na tsufa gaban murhu? Je ki dai, ki kwaso mana labari."

Da Salma ta dawo ta fara ba ta labarin, amma Kubura na ta matsar tunkuza, rabin kunne kawai ta ba ta.

Wata Talata da hantsi, kasko na kan wuta cike da man gyada, sai Gwaggo ta yi kira daga ɗaki. Kubura ta shiga ta tayar da ita zaune, ta ba ta magani, ta gyara mata shimfiɗa. Ko da ta fito, man ya kama da wuta. Ba ta tsaya tunani ba, ta suri bokitin ruwa ta watsa.

Ruwan na taɓa man, wutar ta yi sama har ta lashi rumfa. Tafasasshen mai ya fantsamo mata a hannun dama da ƙirji, zaninta ya kama. Ta fita da gudu tana salati, gudun kuma ƙara hura wutar yake yi.

A bakin zaure Salma ta tare ta. Ta kayar da ita ƙasa, ta lulluɓe ta da bargo, ta mirgina ta har wutar jikinta ta mutu. Sannan ta kira lambar da Malam Mamuda ya sa kowace mace ta ajiye a wayarta. Mata suka taru, wannan da ɗanyen ƙwai, waccan da man goge baki, kowa na son shafa wa ƙunar. Salma ta hana. Ruwa mai tsabta kawai ta riƙa kwarara mata, buta bayan buta.

Maza suna ta watsa yashi, amma karan da aka tara bayan girbi ya riga ya kama. Lokacin da aka ji jiniyar motar kwana-kwana, wuta ta cinye rumfa da rumbu, ta nufi ɗakin Gwaggo. Hayaƙi ya toshe ƙofar, an yi ta gwadawa an kasa shiga.

Malam Mamuda na dira ya tambaya ko akwai mutum a ciki. Aka ce akwai tsohuwa. Ya sa abokan aikinsa biyu su saita tiyo a bakin ƙofar, ya rufe fuskarsa, ya shiga da rarrafe. Jim kaɗan sai ga shi ya fito da Gwaggo goye a bayansa, rigarsa na hayaƙi. Ba su bar gidan ba sai bayan la'asar, suna tona toka suna jiƙawa, don kada garwashi ya sake tashi. Gidaje biyar da ke haɗe da katangar Kubura babu wanda ya ƙone.

Kubura ta yi wata biyu a asibiti a Katsina. Likita ya ce ruwan da Salma ta kwarara shi ya hana ƙunar cin nama sosai. Duk da haka yatsu uku na hannun dama sun manne, ba za su ƙara matsar tunkuza ba. Geron shekara kuwa ya tafi tare da rumbun.

Da aka sallamo ta, Malam Mamuda ya zo dubiya. Ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Shi kuwa jikin Gwaggo ya fara tambaya, sannan ya ce:

"Hajiya, abin da kika yi shi kowa ke yi in bai sani ba. Shi ya sa muke yawo."

Ya nemi izininta ya riƙa ba da labarin a wurin taro, ba tare da ambaton suna ba. Kubura ta dubi hannunta, ta ce:

"Malam, in za a je, a je da ni. Gani ya kori ji."

Sati uku bayan nan aka yi taron mata a Rimaye. Malam Mamuda ya kunna wa mai wuta a ɗan kasko, ya janye itacen, ya kifa masa murfin ƙarfe, wutar ta mutu nan take. Wasu daga baya suna hirarsu. Kubura ta miƙe, ta janye mayafi, ta ɗaga hannun nan sama. Hirar ta tsaya cak, kuma babu macen da ta tashi sai da aka gama.

Jama'a, daɗewa a gaban murhu ba shi ne sanin wuta ba. Idan mai ya kama, kada a zuba masa ruwa, a rufe shi. Idan kuma 'yan kwana-kwana suka kira mu don su koya mana, mu ajiye abin da ke hannunmu mu je.