Laimar Kwaɗin Gwaggo Raili

"Gwaggo, don Allah, a wane daji kike samo laimar kwaɗin nan?" in ji Aulis.

Gwaggo Raili ta ci gaba da zuba kofi abinta. Aulis dai ya sani, a Finland mutum zai ara maka motarsa, amma ba zai nuna maka inda yake tsinko laimar kwaɗi ba. Ita kuwa shekara talatin kwandonta ne abin kwatance a ƙauyen.

Ya ce, "Shekara uku ina tace sinadari daga busasshiyar da kika ba ni. Yana kashe ƙwayar cutar da ta gagari magani. Yanzu ta ƙare. In ban samo wata ba, digirina ya bi ruwa."

"Sannu, likitan duniya. Duk injinan naku ba su san hanyar daji ba?"

"Rayuka ne fa, Gwaggo!"

Ta tashi ta rufe taga, ta ja labule.

"In maƙwabta suka ji, ban yafe ba. Ni fa tsoron daji nake ji, ban taɓa tsinko ta da hannuna ba. Wurin wani tsoho nake saye a bayan tasha."

"To yana ina?"

"Ya rasu bara. Mutumin kirki, ko matarsa bai gaya wa inda yake tsinko ta ba."